Tsintsiyar Injiniya

Ku duka kun taso kuna jin ana kirana Injiniya, daga Bodinga har Shagari, kun kuma san dalili: taswirar rabon ruwa da na yi wa ƙungiyar manoman rani ta Danchadi a kwamfuta. Ke Asma'u, har a makaranta kin taɓa rubuta cewa babanki ne ya raba manoma da faɗa a kan ruwa, kika kawo mini takardar na karanta ina ta washe baki. To, ku saurara da kyau. Rabin wannan aiki nawa ne, rabi na Innarku Lubabatu ne, kuma rabin nata shi ne wanda ya sa abin ya yi amfani. Na daɗe ina kewaye wannan babi a tarihin rayuwata da nake rubuta muku. Na rubuta na aikin hajji, na rubuta na rasuwar kakanku, har na rubuta na ciwon ƙafata da ba wanda ya tambaye ni, duk don kada in iso nan. Yanzu babu sauran abin da zan fake da shi.

A wancan lokaci ƙungiyar injin ban-ruwa ɗaya gare ta, babba, gonaki kuwa ga su nan birjik a fadama, kowa da albasarsa, kowa kuma gani yake tasa ce ta fi jin ƙishirwa. Akawun ƙungiyar, Malam Sidi, dattijo mai haƙuri da ke zama a ofishinsu na Bodinga, a takarda yake rubuta layin ruwa. Yawancin manoman ba su karanta boko, don haka duk wanda aka ce ba layinsa ba ne sai ya ce an ci amanarsa. Ni kuma a lokacin na ɗan koyi rubuta manhaja, ina da wani jibgegen littafin koyonta da nake yawo da shi a hamata don a gani. Sai na ce zan zana musu fadamar kamar yadda Allah ya yi ta. Ban ɗauki jadawalin da kwamfuta ke zuwa da shi ba. Kowace gona da umarnina na zana ta, da lanƙwasarta da kusurwarta, da rafin da ya ratsa, har da giginyar nan ta tsakiya. Gonar da ta sha ruwa kore, mai jira ja, wadda za ta sha gobe rawaya. Manomi ko bai san bihim ba, in ya duba zai gane tasa. Wannan dabara tawa ce, kuma har gobe ina alfahari da ita.

Sai dai akwai wata matsala da ta hana ni sakat. In Malam Sidi ya danna cewa gona kaza ta sha, kwamfuta takan karɓa, ta canza lissafin a cikinta, amma hoton da ke gaban mutane ba ya motsi. Ja yana nan ja, sai ka ce ba a yi komai ba. Wata huɗu ina fama. Rannan bisa tsautsayi na jawo 'yar tagar kalkuleta da ke buɗe a allon kwamfutar ta bi ta kan taswirar, sai na ga duk inda ta wuce launi ya koma daidai, inda ba ta taɓa ba kuwa yana nan da tsohon launinsa. Ban fahimci dalili ba, ko kusa. Amma maimakon in ce wa mutane aikina da saura, sai na gyara hula na koya wa Malam Sidi abin a matsayin mataki na aiki. Na ce masa bayan ya gama dannawa, sai ya buɗe kalkuleta ya share taswira daga sama har ƙasa. Manoma kuwa abin ya burge su ƙwarai. Sukan taru bayan la'asar su kalli launi yana sauyawa a bayan 'yar tagar, har suka raɗa mata suna tsintsiyar Injiniya. Ni da ya kamata in ji kunya, kaina ne ya ƙara kumbura.

Teburin Malam Sidi ƙarami ne. In ya ja linzamin kwamfuta ya gangaro ƙasa, hannunsa yakan kai bakin tebur kafin tsintsiya ta kai ƙarshen taswira. A can ƙasan, a lungun dama, akwai gonar wani bawan Allah mai suna Altine, wanda bai daɗe da dasa albasa ba. Ranar da ya kamata gonarsa ta koma rawaya, shara ba ta kai wurin ba, ta zauna ja. Malam Sidi ya karanta sunayen masu rawaya ya aika wa mai inji, babu Altine a ciki. Washegari ya danna cewa duk masu layin jiya sun sha, kamar yadda ya saba, kwamfuta kuwa a lissafinta Altine yana cikinsu. Da ya zo ƙorafi aka nuna masa gonarsa kore shar. Ya koma ya jira zagaye na gaba, dashen kuwa bai jira ba. Na tuna yadda ya tare ni a bakin ofis, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Injiniya, na'urarka ta ce gonata ta sha. To, taho mu tahi ka hwaɗa ma albasata, don ita ba ta ji labari ba."

Na yi borin kunya, na ce shara ce ba a yi da kyau ba. Malam Sidi ya sunkuyar da kai.

A nan Innarku ta shigo. Kun san ta malamar lissafi, 'yar Mandera, a Shagari ta fara koyarwa kafin aure ya kawo ta Bodinga. Abin da ba ku sani ba shi ne, tsohuwar kwamfutar da nake gwaji da ita a gida take, a ɗakina, kuma duk ranar da na bar littafin nan a gida, in ta dawo daga makaranta ta gama abinci, sai ta zauna ta karanta. Na sani. Nakan tsokane ta in ce ta yi a hankali kada Turancin ya hau mata kai. Ita kuma takan yi dariya ta ce hotunan take kallo. Na yarda, domin abin da nake son ji ke nan.

Ranar Asabar da hantsi na hau babur na tafi Danchadi in ga gonar Altine da idona. Na ga dashe ya kwanta, ya bushe kamar an babbake. Na dawo wajen azahar raina a jagule, na tarar da ita a gaban kwamfuta, ke Asma'u kina goye a bayanta kina barci.

"Malam, taho ka ga wani abu," in ji ta.

Ta danna wata gona. Nan take ja ya koma kore. Ba kalkuleta, ba shara. Ta danna wata, ita ma haka. Ta gangara can lungun dama ta danna ta Altine, ta sauya.

"Mi kinka taɓa?" Haka na tambaye ta, ko sannu babu.

"Layi guda na niƙ ƙara. Kai kana canza lissahi a cikinta, amma ba ka hwaɗa mata hoton ya tsuhwa ba. Ita ko ba ta sake zane sai ta san wurin ya ɓaci. Tsintsiyar taka ba shara taka yi ba, Malam, ɓata wurin taka yi, shi ya sa duk inda ta bi sai an sake zana shi. Ni ko ce mata niy yi, duk sa'adda launin gona ya canza, ta ɗauka wurin ya ɓaci. Sauran aikin ita ka yin abinta."

Tana magana idonta yana ƙyalli, jira take in yi murna. Wallahi abin da ya kamata ke nan. Amma abin da ya taso mini daga ciki ba murna ba ne. Hassada ce, tsagwaronta, ba zan sa mata wani suna mai daɗin ji ba. Wata huɗu ina kwana ina tashi da abin nan, na mai da kuskurena abin kallo a gaban dattawa, na jawo wa talaka asarar dashensa, sai ga mace da goyo a baya ta warware shi tsakanin hantsi da azahar, da littafina, a kan kujerata. Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne bayanin nata ya fi na littafin fita. Shafin nan na karanta shi ya fi sau goma, kalma ɗaya ba ta zauna mini ba, sai da na ji shi daga bakinta da Hausar Mandera.

Mai hassada ba ya rasa abin cewa. Na matso na ƙura wa allon ido ina neman aibu, Allah kuwa ya ba ni. Duk lokacin da ta danna, taswirar gaba ɗaya takan yi fari fat na ɗan ƙiftawar ido kafin ta dawo.

"To ba ki ga tana walƙiya ba? Wa za shi iya kallon wanga abu? Tsohhi na can, idanunsu ba su da ƙwari. Tawa ko ba ta da sauri, ba ta kashe ma mutum ido."

Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Gaskiya ta, tana yi." Ta tashi ta zuba mini abinci.

Na ci tuwon nan da daɗi, ina ganin na rama. Kwana biyu kacal daɗin ya yi. Ranar Litinin da la'asar na dawo ta sake kirana. Wannan karon launi sauyawa yake lumui, ba walƙiya, ba rawar komai. Ta ce da ma abin da ke faruwa shi ne ana share allon duka sannan a zana gonaki ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kallo. Yanzu ta sa ana zanawa a wani ɓoyayyen shafi, sai an gama a fito da shi gaba ɗaya. Kuma ba duk fadamar ake sakewa ba, gonar da ta canza kawai.

"Kamar tuwo na, Malam. A madahi nika tuƙa shi, in kawo maka a malmale. Kai da a gaban baƙi kaka tuƙi."

Wasa take yi, irin wanda muka saba. Ranar ban yi dariya ba. Da ta fita ɗauko ruwa na duba abin da ta rubuta. A gefen kowane layi ta sa ɗan bayani da Hausa, tsaf-tsaf kamar yadda take rubutu a allon aji: nan ake ce mata ta sake, nan ake zane a ɓoye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge. Layukan aikin na bar su, don ba ni da abin da zan sa a madadinsu. Bayanin kawai na cire, saboda duk wanda ya gani zai san ba hannuna ba ne. Washegari na kai ofis na ce wa Malam Sidi na kashe tsintsiya. Manoma har da masu cewa za su yi kewarta.

Daga nan taswira ta zauna daram. Rigima ta kwanta, labari ya bazu, har mutanen fadamar Shagari suka aiko suna so a yi musu irinta. Wanda ya jagoranci maganar kuwa Alhaji Umaru ne, kawun Innarku, mutumin da ya tsaya tsayin daka har ta yi karatu lokacin da wasu a Mandera ke cewa ya isa haka. Aka sa ranar taro a zauren gidansa na Shagari. Na tafi da ita da ku, don ta gaida 'yan uwa. Ita tana cikin gida tare da mata, mu muna zaure, tsakaninmu katanga ce da ba ta kai rufi ba. Duk wanda ya san gidan ya san abin da aka faɗa a zaure ana jin sa a tsakar gida, ni ma na sani.

Na kunna kwamfuta, na danna, launi ya sauya, dattawa suka yi ta kabbara. Wani ya ce ya ji da can sai an yi shara, yaya aka yi yanzu? Na gyara zama na kwararo bayani. Na ce kwamfuta ba ta sake zane sai ta san wurin ya ɓaci. Na ce a ɓoye ake zanawa a fito da shi a gama. Har misalin tuwon na kawo, aka yi ta dariya ana cewa Injiniya akwai hikima. Kalmominta ne tun daga farko har ƙarshe, ban canza ko ɗaya ba. Alhaji Umaru yana jingine da bango yana jan carbi yana kallona. Da aka natsa sai ya ce:

"Injiniya, Allah shi yi ma albarka. Amma hwaɗa mani, ɗiyata Luba tun tana ƙarama kanta na ja wajen lissahi, har malamanta na tsoron tambayarta. Ba ta sa maka hannu ko kaɗan cikin wanga aiki ba?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, a gaban mutanenta, cikin mutunci. Da na ce e, ba abin da zai ragu a jikina. Cewa za a yi Injiniya ya iya zaɓen mata, a ƙara mini girma. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma sai na hango yadda labarin zai koma Bodinga, a ce ashe matarsa ce ta gyara masa, a riƙa nuna ni a tasha. Na yi 'yar dariya na ce:

"Ranka shi daɗe, ta sa hannu mana. Ita ka kawo man shayi in ina aiki."

Zaure ya kwashe da dariya. Alhaji Umaru bai yi ba. Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da jan carbinsa. A tsakar gida kuwa, inda ake ta daka da hayaniyar mata, sai na ji muryar Innarku ta ɗauke daga cikin muryoyin. Ba a daɗe ba aka aiko mana da abinci, kwanona daban, da man shanu a kai kamar yadda nake so.

A mota muna dawowa ba ta ce mini komai ba. Ke Asma'u ta riƙe ki a cinya, ɗan'uwanki Bello yana jingine da ita, tana kallon gonakin gero ta taga har muka iso Bodinga. Na yi ta jiran faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi faɗa ci mini rai, kuma maimakon ya sa in yi nadama sai ya ƙara mini tsoro. Na riƙa tunanin wata rana zan dawo in tarar ta sake gano wani abin da ban sani ba, sannan wani, sannan wani, har ranar da ba zan iya ko bin bayaninta ba. Cikin makon nan na ɗaure kwamfutar gida a bayan babur na kai ofis. Na ce yara suna wasa da wayoyinta, kuma ɓera ya fara shiga ɗakin. Littafin ma na tafi da shi.

Sau ɗaya ta yi magana. Bayan kamar wata guda, ina cin abincin rana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce:

"Malam, littahin nan, akwai babi ukku da ban kai ba. In ka gama da shi ka aro man."

Na ce to. Ban kawo ba, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Littafin yana nan a ofis har gara ta cinye bayansa, ni ma ban kai waɗannan babi ukun ba.

Sauran kun sani. Ta ci gaba da koyar da lissafi har ta yi ritaya, ta raine ku, ba ta taɓa rage mini komai na hakkin aure ba. Ni na ci gaba da amsa Injiniya. Na yi wa Shagari tasu taswirar ta hanyar kwafe layukanta, na yi wa wasu ƙungiyoyi biyu, duk da layukan nan nata a ciki. Alhaji Umaru ya rasu ban gyara maganar da na faɗa masa ba, ko da yake ina zaton bai taɓa yarda da ita ba. Malam Sidi ma ya rasu da laifin gonar Altine a kansa, wanda nawa ne. Yanzu kowa waya gare shi, ba mai zuwa ofis kallon launi, yaran da ke noman fadamar ba su ma san an taɓa yin wata taswira ba. Ko na hau kan mota a kasuwar Bodinga na yi shela, ba wanda zai gane abin da nake mayarwa. Ku kaɗai kuka rage da maganar za ta yi wa ma'ana, shi ya sa na rubuta muku.

Kafin in ba mai buga takardun nan, na ga bai dace ku karanta abin da ita ba ta ji ba. Makon jiya da safe, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, na jawo kujera na karanta mata babin daga farko. Ta saurara hannunta bai tsaya ba. Wuri ɗaya kawai ta gyara mini, ta ce ba Asabar ba ce, Lahadi ce. Na bar shi yadda na tuna, amma ku ɗauki nata. Da na gama na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin motar nan ta iso Bodinga, in ba haka ba da ba ta zauna ba. Sai zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ga kamar an gama. Don in faranta mata na ce ai da na bar ta da kwamfutar nan, da yanzu ita ce babbar injiniya a jihar nan kaf, da ana zuwa daga Sakkwato neman ta.

Ta ajiye faifan, ta dube ni.

"Kada ka ƙara man abin da ban yi ba, Malam, kamar yadda ka rage man wanda niy yi. Wataƙila da na kai, wataƙila da babi na gaba ya kada ni na aje. Ban sani ba. Sunan da kaɗ ɗauka bai dame ni ba, mi za ni yi da shi? Abin da nika so in sani shi na, iya ina kaina za shi kai. Shi na kaɗ ɗaure bayan babur."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na zauna da takardun a hannu har ta tashi ta ɗora tukunya.